RAHOTON MUSAMMAN: Idan ƙaura ta kama ma'aikacin ofishin jami'a, me zai tafi da shi, me zai bari?

Mutane da dama na ɗauka cewa tunda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Abuja duk mallakar Gwamnatin Tarayya ne, ma'aikacin ɗaya zai iya rubuta takarda a mayar da shi ɗayar, kamar yadda ake ɗauke jami'in kwastam daga Jibiya a kai shi Seme, ko ɗan sanda daga Yola zuwa Fatakwal. Ba haka tsarin yake ba. Kowace jami'a da dokar da ta kafa ta da kuma Majalisar Gudanarwarta, kuma majalisar ce ke ɗaukar ma'aikaci, ta ƙara masa girma, ta hukunta shi, ta sallame shi. Babu wani ofishi a Abuja, har da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da ke da hurumin ɗauko jami'in gudanarwa daga Sakkwato ya ajiye shi a Lafiya don kawai iyalinsa sun koma can.

Wannan tsari ya raba gidaje da yawa biyu. Maigida na wani gari, uwargida da yara na wani, ana ganin juna ƙarshen mako ko ƙarshen wata, gwargwadon nauyin aljihu da lafiyar hanya.

Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne ma'aikatan da ba sa koyarwa, musamman na sashen Magatakarda da na Ma'aji. Ɗalibi ba ya tuna su sai ranar da takardarsa ta maƙale. Su ne ke buɗe masa fayil ranar da ya shigo, su adana sakamakon jarrabawarsa, su raba ɗakunan kwana, su rubuta bayanin zaman kwamitoci, su aika sunansa ga hukumar NYSC, su fitar masa da cikakkiyar takardar sakamako bayan shekara goma idan zai ƙaro karatu a Ingila ko Malesiya. Duk wanda ya taɓa zama a harabar jami'a lokacin yajin aikin ƙungiyoyin SSANU da NASU ya san nauyinsu: famfo kan ƙafe, janareta ya yi shiru, asibitin makaranta ya rufe, ko da kuwa malamai na nan a shirye su shiga aji.

Dalilan da ke tayar da irin wannan ma'aikaci daga garinsu ba su da wuyar lissafi. Aure na kan gaba, sai sauyin wurin aikin miji ko mata, sai tsufan iyaye. A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro ya shigo sahu da ƙarfi. An kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilun 2012. Bam ya tashi a wani masallaci a Jami'ar Maiduguri a watan Janairun 2017, inda Farfesa Aliyu Mani ya rasa ransa. A watan Nuwamban 2021 'yan bindiga sun shiga gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja da ke Giri suka tafi da mutane, sannan a 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Dutsin-Ma daga gidajen da suke haya. Bayan kowane irin wannan dare, akwai magidancin da ke kwana yana tunanin inda zai kai 'ya'yansa, da kuma abin da zai yi da aikinsa.

Malami ya fi sauƙin tashi

A nan ne bambancin malami da jami'in gudanarwa ke fitowa fili. Jarin malami yana tare da shi duk inda ya nufa: digirinsa na uku, maƙalun da ya wallafa, ɗaliban da ya duba wa bincike. Hukumar NUC kan duba yawan malamai da matsayinsu kafin ta amince da kowane kwas, saboda haka jami'ar da ke jiran masu tantancewa neman dakta da farfesa take yi ido rufe. Ga hutun bincike na shekara guda da malami kan yi a wata jami'a, ga koyarwar ziyara. Sau da yawa ta waɗannan ƙofofi ake fara leƙa sabon wuri, a ga ruwansa da mutanensa, kafin a tattara komatsai. Ko a jami'o'in da ƙa'idarsu ta bai wa manyan jami'an gudanarwa irin wannan hutu, ba kasafai ake samun mai karɓarsu ba.

Shi kuwa jami'in gudanarwa da digirin farko a kowane fanni da takardar kammala hidimar ƙasa ake shigowa layinsa, don haka duk gurbin da aka tallata masu nemansa ba sa ƙirguwa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, mafi tsadar iliminsa a jikin wuri ɗaya yake. Ya san hanyar da sakamako ke bi daga sashe zuwa tsangaya har Majalisar Malamai. Ya san kabad ɗin da fayil ɗin ɗaliban 1998 ke ciki, ya san shugaban sashen da ba a kai wa takarda ranar Juma'a. Wannan ilimi shekaru ake yi ana tara shi, kuma ba ya shiga takardar neman aiki. Ranar da ya sauka a sabuwar jami'a, rabinsa ya zama tarihi.

Ƙofofin da doka ta bari

Hanyar da ta fi tsafta ita ce taransifa, wato mutum ya koma sabuwar jami'a tare da shekarun aikinsa. Sai dai sunan na yaudara, domin ba tura shi za a yi ba, shi zai nemo wa kansa. Dole sabuwar jami'ar ta kasance da gurbi, ta tallata ko ta amince ta duba takardarsa, ta yi masa tambayoyi, ta ba shi takardar ɗauka. Daga nan sai ya koma wa tsohuwar ya roƙi ta sake shi, ta haɗa masa tarihin aikinsa da takardar shaidar albashinsa na ƙarshe. Ba a sakin wanda ba a tabbatar masa da aiki ba, ko mai shari'ar ladabtarwa a gaban kwamiti, ko wanda jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa bai gama biyan shekarun da ya sa hannu a kai ba. Bashi ma, na mota ko na gida, sai an daidaita.

Mu ɗauki misalin mace mai muƙamin Babbar Mataimakiyar Magatakarda a Kano, shekararta 12 a aiki, aka mayar da mijinta Abuja. Da ace mai hidimar ƙasa ce, takardar aure da shaidar mazaunin miji sun isa hukumar NYSC ta mayar da ita inda yake. Amma ita da ta ba aikin gwamnati shekara 12 ba ta da wannan gata. Za ta jira gurbi. Idan gurbin ya fito, ta yiwu na ƙasa da matsayinta ne, domin kowace jami'a da adadin kujerun da aka amince mata a kowane mataki, kuma manyan kujeru akwai 'yan gida da suka daɗe a layi suna jira. Tsanin gudanarwa kan fara ne daga mataki na 7 a tsarin albashin CONTISS ya ƙare a na 15, inda Magatakarda yake, kuma aƙalla shekara uku ake yi kafin a hau daga wannan zuwa wancan. Wanda ya yarda ya sauko mataki ɗaya, shekara uku ya ba da kyauta. A wurare da dama kuma daga ranar da ya kama sabon aikin ake fara ƙirga masa lokacin ƙarin girma, ko da saura wata biyu ya cika a tsohon wurinsa.

Akwai aro, inda wata jami'a ko hukuma ke karɓar ma'aikaci na ɗan lokaci, galibi shekara biyu a karon farko, kujerarsa ta asali na nan tana jiransa. Wannan ya fi kwanciyar hankali, amma sai wanda wani babba ya san ƙwazonsa ya nemo shi da suna. Akwai kuma hutun da babu albashi. Shi wannan kujerar kawai yake tsarewa: babu albashi, babu abin da ke shiga asusun fansho, kuma lokacin ba ya shiga lissafin ƙarin girma a mafi yawan wurare. Mata da yawa da shi suke fara gwada sabon gari, su ga ko wata ƙofa za ta buɗe kafin wa'adin ya cika.

Idan duk waɗannan sun faskara, saura ajiye aiki. Babban ma'aikaci galibi sanarwar wata uku yake bayarwa, ko ya biya albashin watannin. Abin da bai kamata ko kusa ba shi ne abin da wasu ke yi cikin fushi ko gaggawa, su kulle ofis su yi tafiyarsu ba takarda. A ƙa'idar aikin gwamnati wannan guduwa daga aiki ne, hukuncinsa kora, kuma korarre ba ya sake samun aikin gwamnati cikin sauƙi.

Abin da ke bin mutum da abin da ke tsayawa

Ta fuskar fansho, ma'aikacin yau ya fi na jiya sa'a. A tsohon tsari haƙƙin mutum na rataye ne da shekarun da ya yi a jere, wanda ya katse su ya yi asara. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ba kowa asusun kansa, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki na zuba kashi 10. Asusun na bin mai shi duk inda ya koma, ko jami'a mai zaman kanta ce. Dokar ta kuma yarda wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Sai dai wannan sauƙi bai game kowa ba. Jihohi irin su Kano da Jigawa nasu tsarin fansho daban suke gudanarwa, don haka mai barin jami'ar jiha zuwa ta tarayya ya tambayi makomar abin da aka yanka masa tun kafin ya sa hannu a komai.

Akwai wani lissafi da ake yawan mantawa. Gyaran dokar jami'o'i na 2012 ya sa shekarun ritayar farfesa 70, na ma'aikatan da ba sa koyarwa 65. A ma'aikatun gwamnati kuwa shekara 60 ce, ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya gaji da jiran gurbin jami'a a Abuja ya karɓi kujera a wata ma'aikata, ta yiwu ya sayar da albashin shekara biyar bai sani ba.

Gidan kwatas kuwa na jami'a ne, mai barin aiki zai miƙa mabuɗi. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, wadda ita ce bankin gaskiya na ƙaramin ma'aikaci, inda ake samun bashin shinkafar azumi da ragon layya da kuɗin fili ba tare da kuɗin ruwa mai karya wuya ba, ita ma a nan za a bar ta. Za a ba shi ajiyarsa bayan an cire bashi, amma a sabon wuri sai ya sake tarawa, ya kuma nemo masu tsaya masa a cikin mutanen da ba su san shi ba. Inshorar lafiya ta NHIA, mai ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sai an sauya asibitin da aka yi rajista, in ba haka ba yaro na zazzaɓi a Gwagwalada katinsa na Samaru.

Sai babbar magana, wato albashin farko. Ba baƙon abu ba ne sabon ma'aikaci ya yi watanni sunansa bai shiga jerin biya ba. A zamanin da jami'o'i ke ƙarƙashin tsarin IPPIS, gyaran harafi ɗaya a suna kan iya kai mutum Abuja. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin a watan Disambar 2023, amma tsakanin rufe suna a can da buɗe shi a nan har yanzu akwai rami. Ƙa'idar aikin gwamnati ta tanadi alawus na kwana 28 na farko a madadin kuɗin masauki, sai dai mai hikima ba ya gina kasafinsa a kan ranar da za a biya shi.

Albashi ɗaya, kasuwa daban

Tsarin CONTISS bai san gari ba. Abin da mai mataki na 9 ke ɗauka a Gashuwa shi takwaransa ke ɗauka a Abuja. Saboda haka komawa babban birni rage albashi ne a fakaice. Mai gida a Abuja kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali, ga na lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Shi ya sa ma'aikata ke tarewa a Gwagwalada, Zuba, Kuje, Suleja ko Mararaba, su riƙa sammako. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Malami na iya tattara darussansa a kwana biyu ko uku. Jami'in gudanarwa daga Litinin zuwa Juma'a ake neman sa a kan teburinsa, tun ƙarfe takwas na safe.

Wanda ya nufi ƙaramin gari kuma nasa lissafin daban. Haya da abinci da sauƙi, amma ina makarantar yara, ina asibitin ƙwararru, ina aikin da uwargida za ta yi? Wannan ne ya sa ma'aikata da yawa na Kashere ke zaune a Gombe, na Dutse wasunsu iyalansu na Kano, na Dutsin-Ma na Katsina. Sun sauya wurin aiki, ba su ƙaura ba, sun dai mayar da hanya gida na biyu.

Waɗannan garuruwa ba da ka aka ambace su ba. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sabbin jami'o'in tarayya tara, a Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya, Lokoja, Wukari, Oye-Ekiti, Ndufu-Alike da Otuoke, ta ƙara uku a 2013, a Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi. Wannan ita ce kasuwa mafi girma da ta taɓa ci wa jami'an gudanarwa a 'yan shekarun nan. Sabuwar jami'a na buƙatar wanda ya san yadda ake tsara zaman majalisa da buɗe rajistar ɗalibai tun ranar farko, sai ta ɗebo daga tsofaffi irin su Zariya, Kano, Jos da Maiduguri. Mutanen da suka daɗe a tsaye a mataki ɗaya suka samu hawa, wasu suka koma kusa da gida. A watan Agustan 2025 kuwa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantu nata na tsawon shekara bakwai. Hujjar da aka bayar, cewa an yawaita makarantu alhali ba a iya riƙe na ƙasa, tana da ƙarfi. Amma ga ma'aikacin da ke jiran sabuwar jami'a ta buɗe kusa da inda iyalinsa suke, ƙofa ce aka tura.

Ɗan wace jiha ne?

Tambayar da ba a rubuta ta a tallar aiki amma take jiran kowa ita ce ta asali. A jami'o'in tarayya akwai ƙa'idar raba daidai da sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, wadda a ƙarƙashinta ake fifita 'yan yankin da makaranta take a ƙananan muƙamai, manya kuma a baza su tsakanin jihohi. A jami'o'in jihohi lamarin ya fi tsauri. Wanda ba ɗan jiha ba sau da yawa aikin kwantiragi ake ba shi, mai sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Ma'aikatan da suka manyanta ba su manta da 2011 ba, lokacin da gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, har da na maƙwabtanta masu harshe ɗaya da ita. Matar aure ce ta fi shiga tsaka mai wuya: jihar mijinta na kallon takardar mahaifinta, jihar mahaifinta na cewa ai ta yi aure.

A irin wannan matsi ne dillalan aiki ke samun nama. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aikin gwamnati a 2023, kuma abin da aka ji a zamansa ya isa gargaɗi. Wanda ya ajiye tabbataccen aiki saboda takardar ɗauka da ya saya a hannun wani, ya saki reshe ya kama ganye.

Jami'o'i masu zaman kansu sun zama mafaka ga wasu, musamman a Abuja inda Baze da Nile da Veritas suke. Sukan yi maraba da wanda ya goge a jami'ar gwamnati, domin ya san abin da NUC da JAMB ke nema. Wasunsu na biya da kyau, kuma babu yajin aiki. Amma babu ƙungiya mai ƙarfi da za ta tsaya wa mutum, sallama na da sauƙi, kuma shekarun da aka yi a can ba sa shiga shekarun aikin gwamnati.

Togaciya guda da ta cancanci ambato ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda ta mayar da hedikwatarta daga Legas zuwa Jabi a Abuja a 2016. Tunda tana da cibiyoyin karatu a faɗin ƙasa a ƙarƙashin majalisa ɗaya, ma'aikacinta na iya neman a mayar da shi wata jiha ba tare da ya taɓa shekarunsa ko matsayinsa ba. Wannan ya nuna abin ba gagara-badau ba ne. Jami'o'in tarayya albashinsu ɗaya, tsaninsu kusan ɗaya, aljihun da ke biyansu ɗaya. Babu abin da zai hana kwamitin shugabannin jami'o'i da ƙungiyar jami'an gudanarwa ta ANUPA su fito da rajistar musaya, inda mai son barin Sakkwato zuwa Lafiya zai haɗu da takwaransa mai son akasin haka, majalisun biyu su sa albarka. 'Yancin jami'a bai ragu da komai ba, tunda kowace majalisa na da ikon cewa a'a. Sai dai muryar SSANU da NASU a yanzu ta fi tashi a kan albashin da aka riƙe musu na yajin aikin 2022, da alawus, da yarjejeniyar 2009, kuma ba za a ga laifinsu ba. Mai jin yunwa ba ya fara maganar ƙaura.

Wanda ya tsallake duk waɗannan ya kama aiki a sabon wuri, saura zama da mutane. Baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma a ofishin jami'a wanda zai yi masa jagora ba lallai ne Magatakarda ba. Galibi tsohon akawu ne ko masinjan da ya shekara 25 yana ɗaukar fayil, wanda ya san takardar da ke tafiya da wadda ke kwana. Kalmar da ta fi saurin jawo wa sabon zuwa baƙin jini ita ce yawan cewa a can inda na fito ba haka muke yi ba, ko da kuwa gaskiya ce. Idan ya zo da matsayi babba, ya sani akwai wanda ya yi shekaru yana hangen kujerar, kuma da shi za a haɗa su aiki. Harshe ma na da nasa rabo. Takarda da Turanci ake rubuta ta ko'ina, amma maganar da ke sa a ɗauko ta daga ƙasan tari da Hausa ake yi a Dutse, da Yarbanci a Oye-Ekiti, a Wukari kuwa gaisuwa da Jukunanci kan buɗe fuskar da takardar umarni ba ta buɗe ba.